Sifindil mai ruwa a teburin rautar Kawu a Damagaram: yadda aikin ya gudana

Shagon kafintancin kawuna yana Sabon Gari nan cikin Damagaram, rumfar kwano ce da ɗaki ɗaya a baya inda ake kulle kayan aiki, kuma yawancin abin da yake fitarwa kayan ɗakin amare ne, gado da armuwar da teburin madubi, sai ƙofofi in Allah ya kawo kwangila. Duk adon nan da kuke gani a bakin ƙofar armuwar, mulir ɗin nan mai lanƙwasa, rauta ce ke fidda shi, wadda wasu ke ce wa defonsez. Tasa a juye ya ɗaure ta ƙarƙashin tebur, baki sama, meshin, wato haƙorin da ke yankan, ya leƙo ta rami ana tura katako a kai. Ni kuma aikin kuran, wato wutar lantarki, nake yi, shi ya sa duk ranar da ta yi gardama ni ake aiko wa yaro.

Matsalar rautar hannu numfashinta ne. Injinta mai sharbon ne, ƴan gawayin nan da ke gogar ɓangaren da ke juyawa suna ba shi wuta, akwai ƴar fanka a ciki da ke zuƙar iska ta ratsa naɗin waya don ya huce, to iskar ƙarƙashin teburin kafinta ai rabinta garin katako ne, ga ƙurar hunturu da ko cikin aljihu sai ka tarar da ita. Sharbon ya cinye mu sa sabo, rulma, zoben nan mai ƴan ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a ciki, ta fara kuka mu canja, sau biyu ana kai ta wajen mai naɗi. Ga ƙara kuma. Akwai makarantar allo bayan shagon, malamin mutum ne mai kawaici bai taɓa cewa uffan ba amma kai da kanka ka san in aka tada ta ba a jin karatun yara, sannan na lura Kawu in ana masa magana da yamma sai ya karkato kunnen dama, wannan shi ya fi tsaya min a rai wallahi. Ranar da ta ƙone karo na uku na ce Kawu mu daina asarar kuɗi a kanta, akwai wani inji da ake sa wa mashinan sassaƙa na kwamfuta, sifindil sunansa, ba ya shan iska sam, da ruwa ake sanyaya shi. Ya dube ni ya ce "ɗana, a garin da ake tare mai kura a hanya ana roƙon bido biyu, nan kake so in ajiye injin da ke shan ruwa?" Tambayarsa tana kan hanya, garin nan kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, Arunguza da Ganaram, kowa ya san abin da bazara ke yi mana. A ranar amsar da na ba shi ita ce ruwan zagayawa yake ba shanye shi ake ba. Gaskiya ce amma rabin gaskiya, sai Afrilu na gane sauran rabin.

Wani ɗan kasuwa da ke sauke kaya daga Sin ta Kano shi ya kawo mana, kafin su iso da rautar aro aka ƙarasa ayyukan da ke ƙasa. A kwalin akwai sifindil mai kilowat 2.2, kaurinsa milimita 80, dunƙulen ƙarfe ne santal mai nauyin kilo biyar da wani abu, sai bariyatar, sai maƙalin alminiyom, ƙaramin famfo na nutsawa cikin ruwa mai wat 75, da siririn tiyo. Shi injin ba sharbon a cikinsa, kuran mai layi uku yake ci, bolt 220, amma a gudun has 400, wato sau 400 wutar ke kai da komowa a daƙiƙa, mu kuma na gidajenmu layi ɗaya ne has 50. Aikin bariyatar kenan, ta karɓi na gida ta mayar da shi layi uku a gudun da ka zaɓa. Lissafin ba wuya, has sau 60 shi ne juyi a minti, 400 ta ba ka 24,000, 200 ta ba ka 12,000.

Tun kafin mu saya na faɗa wa Kawu rauninsa don kar daga baya ya ce na ɓoye masa. Wannan kilowat 2.2 ɗin a cikakken gudu ne kawai, in ka sauke shi rabi ƙarfin ma rabi ya koma, kuma manyan meshi masu faɗi irin na fidda cikin ƙofa ba a yarda su wuce 10,000 zuwa 12,000 ba don haɗari ne, wato daidai lokacin da kake neman ƙarfi lokacin yake da ƙaranci. Ya ce aikinsa kashi tara cikin goma ƙananan meshi ne, mu je.

Ɗaurawa ita ta ci mana sati guda. Rauta tana zuwa da gindinta da abin ɗagawa da saukewa, sifindil kuwa tsirara yake zuwa, kai za ka ƙera masa komai. Mun je wajen mai walda ya yanka mana faranti na ƙarfe mai kauri milimita 10 da rami mai faɗi 90 a tsakiya, don kan injin ya iya fitowa saman tebur lokacin canja meshi, Kawu ya yanka zobba na kontirfilake masu ramuka daban daban da ake toshe ramin da su. A ƙarƙashi aka walda ginshiƙi tsaye, wani farantin yana zamewa tsakanin ƙarafa biyu, maƙalin alminiyom a jikinsa, sai sandar ƙarfe mai zare M16 tana tura shi sama da ƙasa. Na zaɓi M16 ne saboda juyi ɗaya milimita 2 ne cif, rabin juyi milimita 1, Kawu ya ja layuka huɗu a kan abin murɗawar yanzu ko mita ba ya ɗaukowa. Akwai bulon biyu a gefe da ake ƙulle farantin in an gama saiti, in ba a ƙulle ba girgiza na sauke shi kaɗan kaɗan kana cikin aiki, mulir ya fito farko da zurfi ƙarshe ba zurfi.

Walda tana jan ƙarfe, komai iyawar mai yi. Da muka ɗora sai na lanƙwasa ƴar waya mai kauri na sa a bakin injin, ƙarshenta ya sauko yana shafar tebur kamar tafin hannu ɗaya daga tsakiya, na riƙa juya shi da hannu a hankali, ta gaba tana karta faranti ta baya kuma har takarda biyu na shigewa ƙarƙashinta. A karkace yake kenan. Da gwangwanin madara muka gyara, aka yanka ƴan falle ana cusawa bayan maƙalin ana sake juyawa, har wayar ta riƙa shafa ko'ina daidai. Yini guda cur, Kawu bai gaji ba, shi ma ya fi ni naci a nan.

Abin da ke riƙe meshi kuma, ER20 ake ce wa irinsa, yana kama ƙafa daga milimita 1 zuwa 13 amma kowane kauri da nasa ɗan maƙogwaron. A akwatin Kawu meshi iri biyu ne a cakuɗe, masu awon milimita 6 da 8 da 12, da waɗanda ake sayowa Kano masu awon inci, wato 6.35 da 12.7, a ido ɗaya suke amma ba ɗaya ba ne, kar a tura mai 12.7 cikin maƙogwaron 12 da ƙarfi. Muka ware su gwangwani biyu. Sannan maƙogwaron a cikin noti ake fara maƙala shi sai ka ji ƙas, kafin a ɗaura a jikin injin, in ka jefa shi ciki ka bi da noti zai zauna a karkace ya lalace. Ba maɓallin ƙulle sanda kamar na rauta, kile biyu ake sawa.

Ɓangaren kuran nawa ne kuma nan ne mutane suka fi ƙone sabon inji tun ranar farko. Bariyatar da yawa saitin has 50 suke zuwa da shi, na injin famfo ko na niƙa. In ka jona sifindil haka ka danna, za ta ɗura masa bolt 220 gaba ɗaya tun yana has 50, alhali shi sai a 400 ya kamata ya ga 220, naɗin wayarsa siriri ne, kafin ka ankara wari ya tashi. Don haka ban jona injin ba sai da na zauna da ɗan littafin na sa iyakar gudu 400, gudun tushe 400, bolt 220, amfiya yadda aka buga a jikin injin, na sa ƙasan gudu has 120 don kar yaro ya murɗa shi ƙasa ya cusa masa katako, tashi daƙiƙa 8, tsayawa 10 saboda in ka ce ta tsayar da shi da sauri ƙarfin juyin na komowa cikinta ta yanke. Na kashe saitin tashi da kai in an maido kuran, wannan ba abin wasa ba ne a garin da ake ɗaukewa a maido ba sallama, mutum na iya kasancewa hannunsa na kan meshi yana canjawa. Tsakanin bariyatar da injin ba a sa maɓalli ko fulogin da za a zare yana gudu. Kuma ko an kashe ta akwai sauran wuta a cikinta na ƴan mintoci, sai fitilar ta mutu ake taɓa waya.

Fulogin bayan injin ƙafa huɗu gare shi, uku na wuta ɗaya na ƙasa, na sa mita na auna na huɗun sai na tarar bai haɗu da jikin injin ba sam. Inji mai ruwa a ciki, kan teburin ƙarfe, mutum tsaye da silifa, ban yarda ba. Na ɗaura wayar ƙasa kai tsaye a jikin maƙalin da farantin, muka kafa sandar tagulla bayan shago inda ake alwala don wurin kullum da danshi. Ita bariyatar a bango na kafe ta cikin akwatin katako mai raga da ƙyallen tace ƙura, can ɓangaren inuwa, don littafinta ma digiri 40 ya ce.

Tashin farko baya ya juya. In kana kallon meshi daga saman tebur ya kamata ya juya saɓanin agogo, kai kuma kana turo katako daga dama zuwa hagu, in ya juya ɗaya gefen ba ya yanka kuma noti na iya kwancewa. Na musanya waya biyu cikin ukun shikenan. Da ya tashi daidai Kawu ya tsaya yana jiran ƙara, ya ce "ya tashi ne?" na ce Kawu yana 18,000 yanzu haka. Wani siririn fito kawai yake, karatun yaran malam na shigowa ta saman katanga ana ji rau. In meshi ya shiga katako dai akwai ƙarar yanka, wannan ba makawa, amma kukan injin nan mai huda kai ya tafi.

Kwana huɗu da farawa, cikin Fabrairu, yaron shagon ya zo ya ce Kawu na kira, kan injin ya yi zafi. Na je na taɓa, gindinsa ta ƙasa da sanyi, can sama wajen noti kuwa ba ka iya barin hannu, ga famfo na aiki ruwa na ɗan tsiyaya cikin bokiti. Na jima ina kallo kafin na gano. Shi wannan inji an yi shi ne ya rataya baki ƙasa, mashigar ruwa da mafita suna sama, duk iskar da ta shiga da kanta take fita. Mu mun juya shi, ƙofofin ruwan sun koma ƙasa, to iska ina za ta je in ba can ƙololuwa ba, daidai wajen rulmar gaba wadda ita ta fi shan wahala. Kuma bokitin a ƙasa muka ajiye, tiyon dawowa na rataye sama da ruwa don a riƙa ganin zubarsa, da dare in an kashe famfo ruwan cikin injin duk sai ya sulale ya koma bokiti iska ta maye gurbinsa. Muka kwance injin muka tsayar da shi yadda aka halicce shi, famfo na gudu muna jijjiga shi har kumfa ta daina fita, aka mayar ba tare da an zare tiyo ba. Mazubin ruwan ya koma kan wata kanta sama da tsayin tebur, bakin tiyo biyun duka a nutse, na sa ɗan abin nan mai farfela a cikin gilashi a kan hanyar dawowa daidai inda mai aiki zai gani. Famfon kuma na haɗa shi da maɓallin da ke ba bariyatar wuta, ba yadda za a yi inji ya samu kuran famfo bai samu ba. Allah ya taimaka yaron yana da hankali ya taɓa da wuri, rulmar ba ta mutu ba.

Sai bazara ta shigo. Ruwan lita 20 ne, da hantsi lafiya, kafin azahar ya zama kamar na wankan jego, don shi ruwa ba ya kashe zafi, ɗauka yake ya kai wani wuri, in ba inda zai sauke sai ya tara. Na yi lissafi a bayan kwali: lita 20 na buƙatar wajen kilojul 84 kafin ta hau digiri ɗaya, in injin na zuba mata wat 200 famfon da ke nutse ciki ya ƙara nasa 75, a awa ɗaya ta hau sama da digiri 10. Da hunturu iska na kwashe wannan, amma a Afrilu ƙarƙashin kwano iskar kanta ta haura 40, wa zai kwashe? Na fara maganar radiyatar mota da fanka, sai dai radiyatar ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke bugunta. Ƙanƙara kuma kullum kuɗi ne, ga sanyinta in ya yi yawa jikin injin na iya yin gumi.

Kawu ne ya kawo maganin. Yana shan ruwa a randar bakin shago ya tsaya da moɗa a hannu ya ce "wannan wa ke sa mata ƙanƙara?" Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta iska na busarwa, busarwar ce ke tafiya da zafi, kuma iskarmu ta bazara busasshiya ce ƙarau, lokacin da aka fi bukata lokacin ta fi aiki. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da wajen kilojul 2,400, wato zafin awa biyu da wani abu na injinmu. Amsar tambayarsa ta ranar farko kenan, injin zai sha ruwa, amma abin da zai sha a yini bai kai na buta uku ba.

Ya so a jefa famfon cikin randar kawai, na ce a'a Kawu. Ruwan da ke bushewa kullum ana ƙarawa gishirinsa taruwa yake, ga ƙasa ga gansakuka, hanyoyin cikin injin kuma ƙanana ne ko tsinken tsire da ƙyar, in suka toshe ba ka da yadda za ka shiga ka kankare. Sai muka raba ruwan biyu. Na ciki mai zagaya injin ruwan batir ne, tataccen nan marar asid, da aka haɗa da ruwan radiyatar mota don hana tsatsa da gansakuka, a bido mai murfi. Na sayi tiyon tagulla mita 6 wajen mai gyaran firigo da kilim, muka naɗe shi jikin turmi ya zama kamar gammo, aka nutsa cikin randa, ruwan da ya fito daga injin da zafinsa sai ya bi ta cikin tagullar ya huce kafin ya koma bido. Randar sabuwa muka sayo daga Miriya, babba, don sabuwa ta fi tsattsafowa, tsohuwa ramukanta sun toshe. Aka ɗora ta kan ƙafa uku a mashigar iska, aka yafa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Ranar da ma'aunina ya nuna 43 a rumfa, ruwan bidon bai wuce 33 ba har la'asar ana ta fidda mulir.

Abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba sai da na gani da idona, wani ɗan almajiri ya shigo da robarsa ya nufi randar zai ɗiba. Ruwan radiyatar guba ne kuma zaƙi gare shi, in tagullar ta yi ɗigo ba wanda zai sani. A ranar Kawu ya yi mata murfin katako da kwaɗo ya shafa mata jan fenti a wuya, ta sha kuma aka matsar da ita waje sosai inda mai wucewa zai fara cin karo da ita.

Ƙura ma ba ta ƙyale mu gaba ɗaya ba. Cikin injin a rufe yake, amma bakin da ke kallon sama garin katako na zubo masa kai tsaye, murfin rulmar kuma ba don haka aka yi shi ba. Mun yanka faifan roba mai rami daidai wuyan sanda muka kafa ƙarƙashin zoben tebur kamar malafa, an buɗe bayan shingen jagora an sa tiyon zuƙe ƙura, kuma na hana a hura bakin da kwamfuresa, tura ƙurar ciki yake, buroshi kawai. Da safe ana barinsa ya yi minti biyar a has 150 kafin a sa masa katako.

Yanzu wata tara kenan. Ba a sake zuwa wajen mai naɗi ba, sharbon kuwa an manta da shi, mulir a jan katako na fita sumul har yashin gogewa ya ragu saboda sandar ba ta rawa kamar ta tsohuwar rauta. Da damina, cikin Agusta, randar ta rage aiki don iska ta jiƙe, ruwan ya riƙa kaiwa 37, sai muka sa mata ƴar fanka ta tsaya nan. In kuran ya yi ƙasa da yamma bariyatar na yankewa, katako biyu sun lalace ta haka, yanzu aikin mulir da safe ake yi. Babban meshin cikin ƙofa kuwa yadda na faɗa tun farko haka ya kasance, a 12,000 in aka ce a ci zurfin gaba ɗaya injin na nishi ya yanke, sai an bi sau uku ana ɗaga juyi ɗaya ɗaya, Kawu ya ce ya fi son haka ma don katakon ba ya tsagewa, amma ranar da aka kawo ƙofa goma sha biyu na ga yadda ya ci musu lokaci. Tsohuwar rautar an sake naɗa ta tana aikin hannu inda tebur ba ya zuwa.

Abin da nake sa wa ido yanzu rulmar gaba ce, saboda zafin da ta sha a Fabrairu da kuma zaman juye da take yi. Duk ranar Alhamis in na biyo ta shagon nakan kashe wuta in kama notin in girgiza gefe da gefe in ji ko ya fara wasa, in juya shi da yatsa kusa da kunne. Har makon jiya shiru yake. Na dai riga na ba ɗan kasuwan nan lambar da ke jikinta ya taho mana da guda biyu a kayansa na gaba, kafin hunturu ya kankama.